Neman Lauyan Sulhu a Birnin Kano: Daga Zaure Zuwa Takarda

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano, wato cikin ganuwa, ya san cewa gidajenmu a manne suke da juna. Katanga ɗaya takan raba gida biyu, indararon wani kuma yakan zuba a lungun wani. Inda aka matsu haka kuwa ba a rasa saɓani, domin masu iya magana sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu, wani al'amari ne da ya auku a gidanmu. Kakana da maƙwabcinsa sun taɓa saɓawa a kan wani ɗan lungu da ruwan damina yake bi a tsakanin gidajensu. Mai unguwa da liman suka zaunar da su a zaure, aka daidaita, aka shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Ba a rubuta kome ba, saboda a lokacin maganar dattijo ta isa. Da kwana ya ƙare wa dukan waɗanda suka halarci zaman, sai jikoki suka ta da maganar, kowane ɓangare yana faɗin abin da ya ji daga bakin iyayensa. Aka tafi kotu, aka shekara huɗu ana ɗage zama, har mutanen da suka tashi suna cin tuwo a akushi ɗaya suka daina gaisawa a ƙofar masallaci. Daga ƙarshe wani lauya ne ya ba da shawara a mai da maganar zaure, aka daidaita a yini biyu, ya rubuta, aka kai wa alƙali ya tabbatar.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bayyana mene ne aikin irin wannan lauya, da matsayinsa a tsakanin hanyoyin sulhu da muka gada, da kuma yadda mutumin birni zai neme shi ba tare da ya faɗa hannun da bai dace ba.

Ma'anar Kalmomi

Ya kamata mu fara da tantance kalmomi, domin a bakin jama'a kalmar "sulhu" ta haɗiye abubuwa biyu da suka sha bamban. Asalinta Larabci ce, Hausa kuwa tana da nata kalmomin, kamar sasantawa da daidaitawa da shiga tsakani. A sulhu na haƙiƙa, mai shiga tsakani ba ya yanke hukunci. Aikinsa shi ne ya sanyaya zukata, ya jawo kowane ɓangare ya sassauta, har su da kansu su isa ga matsaya. Idan ɗaya ya ƙi, to magana ta tsaya ke nan.

Abu na biyu shi ne wanda malaman fiƙihu suke kira tahkimi. A nan masu jayayya ne suke zaɓen wani mutum da suka yarda da shi, su miƙa masa maganarsu, bisa sharaɗin duk abin da ya yanke ya hau kansu, ko ya yi musu daɗi ko bai yi ba. A wannan maƙala zan kira wannan mutum mai raba gardama. Bambancinsa da alƙali shi ne, alƙali hukuma ce ta naɗa shi, kuma yana iya sa a kawo mutum gabansa ko bai so ba. Mai raba gardama kuwa ba shi da iko sai wanda masu jayayya suka ba shi da yardarsu.

Ita kuwa kalmar "lauya" daga Ingilishi muka aro ta, sai aka yi rashin sa'a ta yi karo da wata kalma tamu ta asali, wato lauya abu, lanƙwasa shi. Shi ya sa har yau wasu dattawa suke cewa lauya mai lauya magana ne. Wannan barkwanci ya bar tabo a zukatan jama'a, har mutane da yawa suna ganin duk wanda ya kira lauya ya yi shirin yaƙi ne. Alhali kuwa akwai lauyan da aikinsa shi ne ya hana a kai ga yaƙin.

Yadda Birni Ya Saba Raba Gardama

Tun kafin zuwan Turawa a 1903, Kano tana da matakan warware saɓani, kuma kotun alƙali ita ce kusan ta ƙarshe a cikinsu. Magana takan fara daga mai gida, ta wuce ga dattawan dangi, sa'an nan liman da mai unguwa. Idan ta gagara a nan sai ta haura gaba, har ta kai fada. A kasuwa kuma kowace sana'a tana da shugabanta. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta rayu ɗaruruwan shekaru a kan bashi da amana. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro, da baƙin da suke sauka a hannun fatoma, ba su da lokacin zaman shari'a, saboda ayari ba ya jiran kowa. Fatoma da dillali da sarkin sana'a su ne suke raba musu gardama a tsaye, kuma wanda ya ƙi bin abin da aka yanke yakan rasa mai ba shi kaya bashi.

Wannan al'ada tana da gindi a addini. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni, idan aka ji tsoron ɓaraka tsakanin miji da mata, a naɗa mai daidaitawa ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birni, kamar Risala da Mukhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam, duk sun yi bayani a kan sulhu. Kuma a nan Kano ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkam a farkon shekarun jihadi, domin ya nuna wa mutanen garin yadda ake tafiyar da hukunci.

Amma wannan tsari ya dogara ne ga abubuwa biyu: kowa ya san kowa, kuma shaidu suna raye. Yau birni ya cika ya batse, magada sun warwatsu, wani yana Legas wani yana Jidda, gidan gado ɗaya kuma yakan tara magada fiye da a ƙirga da yatsu. Ɗan filin da a da ake barin maƙwabci ya ɗaure akuya a ciki, yanzu kuɗinsa ya isa ya raba 'yan uwa. Kunya da ganin girman manya, waɗanda su ne suke riƙe sulhun zaure, ba sa kama wanda ba a unguwar yake kwana ba.

Shigowar Dokar Zamani

Turawa sun bar kotunan alƙalai a hannun hukumar En'e, suka kuma kafa nasu a gefe. A 1914 suka yi dokar tahkimi ta farko a Nijeriya, wadda suka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1889, amma kamfanoni ne suka fi amfani da ita. A tsakanin 1967 da 1968 aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin gwamnatin jiha, kotun Sarki kuma ta daina zama. Har zuwa farkon shekarun 1980 doka ba ta yarda lauya ya tsaya a gaban alƙali ba. Hukunce-hukuncen manyan kotuna bisa tsarin mulkin 1979 ne suka buɗe wannan ƙofa. Wannan tarihi yana cikin dalilan da suka sa lauya ya daɗe yana baƙo ga mutumin birni.

A 1988 gwamnatin soja ta yi sabuwar dokar tahkimi da sasantawa, wadda ta yi aiki shekara 35, har ran 26 ga Mayu 2023 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan wadda ta maye gurbinta. Wannan doka ta 2023 ta ƙunshi tahkimi da sulhu gaba ɗaya. Daga cikin abubuwan da ta tanada, yarjejeniyar tahkimi dole ta kasance a rubuce. Idan masu jayayya ba su faɗi adadin masu raba gardama ba, to mutum ɗaya ne, saɓanin tsohuwar doka da ta ce uku. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da wata uku ya nemi kotu ta soke shi, kuma bisa dalilai ƙayyadaddu, kamar a ce ba a sanar da shi zaman ba, ko mai raba gardama ya yi hukunci a kan abin da ba a miƙa masa ba. Kotu ba za ta sake sauraron maganar daga farko don kurum wani ya ji zafin kaye ba.

A Kano kuwa an ƙara buɗe wasu hanyoyi. A 2003 aka kafa Hukumar Hisba da doka, kuma sasanta ma'aurata da masu bashi yana cikin manyan ayyukanta. A zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau (2003 zuwa 2011) aka fito da tsarin Zauren Sulhu. A 2009 kuma aka buɗe Kotu Mai Ƙofofi Da Yawa a ƙarƙashin Babbar Kotun Jiha, bayan ta Legas da aka buɗe a 2002. Sunan ya samo asali ne daga shawarar wani malamin shari'a na Jami'ar Harvard a Amurka, Frank Sander, wanda a 1976 ya ce kamata ya yi kotu ta zama gida mai ƙofofi, mai ƙara ya shiga ta wadda ta dace da matsalarsa: ko sulhu, ko tahkimi, ko shari'a. Mu da garinmu yake da Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Kabuga, wannan misali ba ya bukatar dogon bayani.

Matsayin Sulhun Zaure a Idon Kotu

Tambayar da ta fi damun mutane ita ce, shin abin da dattawa suka yanke a zaure yana da ƙarfi a kotu? Kotun Ƙoli ta amsa wannan a shari'ar Agu da Ikewibe a 1991, ta kuma ƙara bayani a shari'ar Ohiaeri da Akabeze a 1992. Ta yarda cewa tahkimin gargajiya yana da gurbi a dokar ƙasa, amma da sharuɗɗa. Wanda ya dogara da shi sai ya nuna cewa ɓangarorin biyu sun je ne da yardarsu, sun amince hukuncin zai hau kansu, an bi al'adar wurin ko ta sana'ar, an yanke hukunci an bayyana shi, kuma an karɓe shi a lokacin da aka yanke.

Idan muka duba waɗannan sharuɗɗa da kyau za mu ga cewa kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar hujja. Wa zai shaida cewa kakana ya yarda, bayan duk waɗanda suka ji yardarsa suna ƙarƙashin ƙasa? A nan ne aikin lauyan sulhu yake. Dattijo yana da abin da lauya ba shi da shi, wato girman da zai sa mai fushi ya sunkuyar da kai. Lauya kuma ya san yadda ake ɗaure magana a takarda ta yadda jikoki ba za su kwance ta ba. Kowannensu yana bukatar ɗan'uwansa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda Ake Neman Lauya

Mataki na farko shi ne mutum ya san irin matsalarsa. Idan maganar gado ce, ko aure, ko riƙon yara, ko iyakar gida tsakanin Musulmi, to bukatarsa lauyan da ya san fiƙihun Malikiyya kuma ya saba da kotunan shari'ar Musulunci, irin su na Ƙofar Kudu da Shahuci, domin a ƙarshe gaban alƙali za a kai takardar sulhun ya mai da ita hukunci. Idan kuwa maganar ciniki ce, kamar kayan da aka karɓa bashi, ko haɗin jari, ko kwangilar gini, to lauyan da ya ƙware a dokar tahkimi ta tarayya ake nema. Ba kowane lauya ne ya haɗa biyun ba, kuma na kirki zai faɗa maka gaskiya idan ba fanninsa ba ne.

Mataki na biyu shi ne sanin inda ake tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ofisoshin lauyoyi yawancinsu a wajen ganuwa suke, kusa da manyan kotuna da tituna irin su titin Zariya da na Gidan Zoo. Maimakon a bi allunan da aka kafa a bakin titi, gara a fara da reshen Kano na Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya, ko a je Kotu Mai Ƙofofi Da Yawa a nemi bayanin masu sulhu da take aiki da su. Ɗan kasuwa yana iya tuntuɓar shugabannin kasuwarsu ko majalisar 'yan kasuwa ta jiha. Wanda ba shi da hali kuma akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi. Abin da ya kamata a guje wa shi ne masu tare mutane a harabar kotu suna cewa sun san wani lauya, don su ladan dillancinsu suke nema.

Mataki na uku shi ne tabbatarwa. A Nijeriya ba a zama lauya sai an gama Makarantar Koyon Aikin Lauya, wadda take da reshe a Bagauda, an kuma shigar da sunan mutum a rijistar Kotun Ƙoli. Kowane lauya mai aiki yana da hatimi daga ƙungiyarsu mai ɗauke da sunansa da lambarsa, wanda ake sabuntawa kowace shekara, kuma yana liƙa shi a takardun da ya shirya. Ba rashin kunya ba ne mutum ya nemi ganinsa. Game da ƙwarewa a tahkimi kuwa, akwai cibiyoyin da suke horarwa suna ba da shaida, kamar Cibiyar Ƙwararrun Masu Tahkimi ta Nijeriya da aka kafa a 1979, da reshen Nijeriya na wadda aka kafa a Landan a 1915. A tambayi lauya ko yana da shaidar ɗaya daga cikinsu, da kuma irin maganganun da ya taɓa daidaitawa.

Mataki na huɗu shi ne a rarrabe matsayin da ake so ya tsaya a kai. Lauya yana iya zama wakilin ɓangare ɗaya, yana kuma iya zama mai raba gardama a tsakani, amma ba zai haɗa biyun a magana ɗaya ba. Idan a tsakani zai tsaya, wajibi ne ya bayyana duk wata alaƙa da take tsakaninsa da ɗaya daga cikin masu jayayya, ko ta jini, ko ta aure, ko ta kasuwanci. A birnin da kusan kowa surukin kowa ne, wannan sharaɗi ba abin wasa ba ne. Har ila yau doka ba ta ce dole mai raba gardama ya zama lauya ba. Ana iya zaɓen malami ko dattijon kasuwa ya yanke, lauya kuma ya tsara yarjejeniyar ya rubuta hukuncin yadda kotu za ta karɓa.

Mataki na biyar shi ne maganar kuɗi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kotu hukuma ce take biyan alƙali, a tahkimi kuwa masu jayayya ne suke biyan mai raba gardama, ban da ladan lauyoyinsu. Saboda haka tahkimi ba kullum ne ya fi araha ba. Ribarsa ita ce sauri da rufin asiri da kuma zaɓen wanda ya san sana'ar. Idan abin da ake jayayya a kansa kaɗan ne, sulhu a gaban mai unguwa ko Hisba, sa'an nan a rubuta, ya fi dacewa. Ko yaya dai, a yanke lada tun farko a sa a takarda. Akwai kuma wata alama da ake gane lauyan kirki da ita. Dokokin ɗa'ar aikin lauya sun wajabta masa ya sanar da mai ƙara cewa akwai hanyoyin sasantawa kafin a shiga shari'a. Wanda tun zaman farko ba ya maganar kome sai shigar da ƙara, yana kuma alkawarin nasara, a yi hattara da shi, domin shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

Abubuwan da Ba Sa Shiga Tahkimi

Ba kowace magana ake miƙa wa mai raba gardama ba. A 1990, a wata shari'a da ta taso daga nan Kano tsakanin Hukumar Raya Birane ta Jiha da kamfanin gine-gine na Fanz, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa laifin da ya shafi jama'a, da kwangilar da ta saɓa wa doka, da abin da yake sauya matsayin mutum kamar raba aure, ba a yanke su ta hanyar tahkimi. Abin sha'awa shi ne Mukhtasar ya riga ya ja irin wannan iyaka tun ɗaruruwan shekaru, inda ya fitar da haddi da kisa da nasaba da saki daga hannun mai raba gardama, ya bar su ga alƙali. Haka kuma sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal ɓatacce ne.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau da yawa a zaure, da sunan rufin asiri, akan matsa wa mai rauni ya haƙura: bazawara, ko maraya, ko 'yar da aka aurar nesa ba a kira ta zaman ba. Yardar da aka samu da matsi ba yarda ba ce, a fiƙihu da a dokar ƙasa baki ɗaya. Lauyan kirki zai tabbatar kowane magaji ya san rabonsa kafin a ce ya yafe, kuma wanda ba ya nan ya aiko wakili da izini a rubuce.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta shafe mu kai tsaye a wannan sashe. Masu jayayya suna da ikon zaɓen harshen da za a yi zaman da shi, har da Hausa. Amma idan za a kai hukuncin tahkimi Babbar Kotu domin a zartar, sai an haɗa da fassarar Ingilishi tabbatacciya. Kalmomi irin su jingina da aro da kyauta da riƙo, kowace tana da hukuncinta, kuma mai fassara ɗaya da ya gauraya aro da kyauta yana iya raba iyali da gidansu. Wannan fage ne da yake jiran ɗaliban Hausa.

Kammalawa

A taƙaice, neman lauyan sulhu ba ya nufin an raina mai unguwa ko liman. Su ne suke iya zaunar da mutane, lauya kuma ya adana abin da aka daidaita a kai. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kowa ya duba gidansu, in akwai wani tsohon sulhu da yake rataye a bakin dattawa kawai, a rubuta shi tun suna raye, a sa hannu, a kai wa alƙali ya tabbatar. Rigakafi ya fi magani. Lungun gidanmu yana nan, ruwan damina yana bi ta cikinsa kamar yadda kakanninmu suka shata, takardarsa kuma tana ajiye a gidaje biyu. Shekara huɗun da aka yi ba a gaisawa kuwa, ba wanda zai dawo mana da su.